Amsar Tambayarka Game da Bindigogin Fim Ɗinku

Ɗana, na ga hotuna uku da ka turo, na kuma karanta bayaninka cewa kuna shirya fim na barkwanci a kan wani ƙauye na ƙasar Sakkwato a shekarun farko na zuwan Turawa, kana son ka san wace bindiga ce ta dace da wancan zamani, kuma ko al'ada ta yarda a ba dogari bindiga ya riƙe. Na ji daɗin tambayar, domin mai kallo yana iya yin dariya ya manta da maganar da aka faɗa, amma abin da idonsa ya gani shi yake ɗauka a matsayin tarihi.

Ta hoton farko, mai dogon baki, ita ce bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka, wasu kuma harba-ka-ruga saboda daɗewar da ake yi kafin a sake ɗura ta. Ta baki ake ciyar da ita: a zuba albarushi, a tura tsumma, a danna da siririyar sandar ƙarfen da ke maƙale a ƙarƙashin bututun, sannan a zuba guntayen ƙarfe ko dalma a sake toshewa. Abin da za ka duba shi ne wurin da wuta ke kamawa, a gefen dama sama da kunama. Idan ka ga wani ƙarfe mai kama da bakin zakara ya ciji ɗan dutsen ƙanƙara, a gabansa kuma da wani ƙarfen da dutsen yake bugawa tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kaskon albarushi, to wannan ce tsohuwar ƙira, irin wadda fatake suka riƙa kawowa daga bakin teku da kuma ta hamada. Idan kuwa ɗan tsinin ƙarfe ne da ake ɗora wa 'yar hular tagulla guduma ta doka, ƙirar ta biyo baya, ko da yake ita ma ta girmi 1903, shekarar da Turawa suka ci Sakkwato. Sai dai na lura da bakin taku yana da zaren murɗi irin na bututun famfo, wanda ke nuna cewa maƙerin zamaninmu ne ya haɗa ta. Ku kai ta Maƙera Assada, unguwar maƙera a Sakkwato, a yanke wannan zaren, a shafe ƙyallin ƙarfen, za ta shige.

Akwai dalilin da ya sa irin wannan bindiga ce ta fi yawa a hannun mutanenmu. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a babban birnin Beljiyam, suka taƙaita sayar da bindigogin zamani a mafi yawan Afirka, suka bar ƙofa a buɗe ga masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ban da haka ma, ƙarfin rundunar Daular Usmaniyya yana ga dawaki da sulke da lifidi, da mashi da takobi, da 'yan baka masu kibiya mai dafi. Saboda haka kada ku cika ƙauyen nan da bindigogi. Guda ɗaya a hannun maharbi ta isa, kuma ta fi kusa da gaskiya.

Ta biyu, mai wani mariƙin ƙarfe a ƙarƙashi bayan kunama da ake ja ƙasa a buɗe ta, ita ce Martini-Henry, wadda sojan Ingila suka fara amfani da ita a 1871. Harsashi ɗaya take ci, ta baya ake sa mata shi. Ta dace da zamanin, amma a hannun sojan Bature ko wanda ya yi masa aiki.

Ta uku ku ajiye ta. Ita ce wadda muka tashi muna gani a kafaɗar 'yan sanda muna kiranta makfo, daga dangin Lee-Enfield, kuma wannan ƙirar ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ce. Za ka gane ta da ɗan ramin saiti da ke can baya kusa da idon mai harbi.

Game da dogari, amsa ita ce a'a. Dogari mai tsaron sarki ne da aiwatar da umarninsa, an san shi da babbar riga mai ja da kore, da rawani, da bulala ko takobi. Ɗan dokar En'e da ya zo daga baya kulki yake riƙewa. Bindiga a fada aikin 'yan bindiga ne, ƙungiya ce mai shugabanta, kuma su ne har yau suke harbi sama a ranar hawan salla a masarautun ƙasar Hausa don a san sarki ya fito. Wanda ya haɗa aikin biyu a jikin mutum ɗaya, duk dattijon da ya san fada zai gane kuskuren tun kafin a buɗe baki.

Barkwanci kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu, muna da wasan taubasai da na 'yan kama. Ku yi wa maharbi dariya idan adakarsa ta ƙi tashi saboda raɓa ta jiƙa albarushi, domin haka take yi da gaske. Amma ina roƙonka kada dariyar ta kai filin Giginya. A can ne ranar 15 ga Maris 1903 mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka tsaya gaban igwa da bindiga mai ruwa, wato Maxim, wasu suka ƙi barin tuta har aka kashe su a gindinta, shi kuma ya yi hijira gabas ya yi shahada a Burmi cikin Yulin shekarar. Jikokinsu suna cikin waɗanda za su kalli fim ɗinku.

Kafin a kunna kyamara, a zura sandar nan cikin bakin adakar a auna, a gwada tsawon da na waje, domin tsohuwar bindiga tana iya kwana shekaru da ɗuri a cikinta ba wanda ya sani. Kada a nuna wa kowa bakinta ko da an tabbatar babu komai, kuma ku nemi izinin 'yan sanda a rubuce, tunda dokar bindigogi ta 1959 ta shafi har bindigar toka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.