Amsar Yaya kan saƙonnin mutumin Meziko

Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan an wuni lafiya. Ƙanena, na ga tambayarka tun safe, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Na ga rubutu zai yi tsawo, bari kawai in yi maka murya, mai buƙata ma ya ƙaru.

Ga waɗanda ba su gani ba, cewa ya yi maigidansa na tura zoɓo Meziko, mai sayen yana rubuto saƙo da Sifaniyanci, shi kuma an ɗora masa mayarwa Turanci. Ya turo jimloli uku da suka ɗaure masa kai.

To, ta farko ita ta fi ba ni dariya. Ka ce mutumin sai maimaita jamaica yake, har maigidanka ya fara tunanin ko kayan ƙasar Jamaika za a kai. A'a ɗan'uwa, zoɓon naku ne. A Meziko sunan zoɓo ke nan, flor de jamaica, abin shan da suke yi da shi kuma agua de jamaica, ka ga zoɓon sha dai irin na gidan suna. Harafin j ɗin ma kamar h suke furta shi, hamaika. Hibiscus za ka rubuta wa maigidanka, shi ke nan.

Ta biyu, me estás tomando el pelo. Ka bi ƙamus kalma-kalma ka samu wai kana ɗaukar min gashi. Ƙamus bai yi ƙarya ba, tomar ɗauka ne, pelo gashi ne. Amma ka duba lokacin da ya faɗa: bayan kun gaya masa sabon farashi ne ko? To cewa yake, wasa kake min da hankali? Zolayata kake? Bature a nan ƙafa yake ja, you're pulling my leg, ko a taƙaice are you kidding me. Wancan na jan gashi, wannan na jan ƙafa, Bahaushe kuma hankali aka taɓa masa. In ya ƙara da cewa cuesta un ojo de la cara, wato kuɗin ya kai ido ɗaya na fuska, ɗan karen tsada yake nufi, Turancinsa it costs an arm and a leg.

Ka lura da abin da na yi? Ban tsallaka daga Sifaniyanci zuwa Turanci kai tsaye ba, sai da na yada zango a Hausa. Wannan ita ce dabarata tun ina karatu a Madrid, kuma har yau ba ta ba ni kunya ba. Ka tambayi kanka, da a kasuwar Dawanau aka yi wannan cinikin, me mutumin zai ce? Da ka samu amsar, Turancin zai zo da kansa. Wallahi sau da yawa Hausa ta fi Turanci kusa da su. Bahaushe ya ce ina da shekara 30, su ma tengo 30 años, ina da. Bature ne ya ware da nasa I am. Su ce hasta mañana, mu ce sai gobe. Hasta luego, sai an jima, daidai wa daida. In ka rubuta until later Bature zai tsaya yana jiran ka ƙarasa jimlar, see you later ake cewa. Anteayer kalma ɗaya, shekaranjiya kalma ɗaya, Turanci sai ya jero huɗu, the day before yesterday. Ruwan sama in ya tsuge su ce llueve a cántaros, cántaro tulu ne, ka ga ruwa kamar da bakin ƙwarya ke nan. Malaman makaranta za su ce ka sa raining cats and dogs. Ni dai ban cika jin mai rai yana faɗar wannan ba, it's pouring ya wadatar.

Wani ɓangare na kusancin nan yana da tarihi. Musulmi sun yi mulki a sassan Sifaniya, wato Andalus, daga 711 har faɗuwar birnin Garnada a 1492, Larabci ya bar musu kalmomi birjik. Azúcar sukarinmu ne. Hasta ɗin nan da na ambata daga hatta take. Alcalde da alƙalinmu uwa ɗaya uba ɗaya, daga alƙadi, sai dai nasu ba ya zaman kotu, magajin gari ne, mayor za ka sa, kada ka sa judge. In ka ga fulano kuma ba Bafulatani ake nufi ba, kamar mu ce wane ko wance ne, so-and-so. Sai ojalá, mai sunan Allah a cikinta, 'yar'uwar in sha Allahu. A nan ne kunnen Bahaushe kan yaudare shi. Wanda bai taɓa shiga coci ko masallaci ba ma yana cewa ojalá, fata ce kawai, I hope so, ko if only in abin ya riga ya wuce. In da gaske Allah yake son ambata, si Dios quiere zai ce, wannan ce God willing.

Yanzu ta uku, wadda ta fi muhimmanci don kuɗi ne a ciki: ahorita te mando el pago. Ka fassara da I'm sending the payment right now, maigidanka ya wuni yana duba waya. Ahora yanzu ce, ahorita 'yar ƙaramar yanzu ce, a takarda kamar yanzu-yanzu. Amma a bakin mutumin Meziko tana iya zama minti biyar, tana iya zama yamma, tana iya zama sai baba-ta-gani. Kun san ina zuwa ta Bahaushe? Ko gani nan tafe ta mai ɗinki ana jibi salla? To ita ce. Ni da soon zan fassara, sannan in gaya wa maigida a gefe cewa kalmar ba ta ɗaure kowa. Ka mayar masa da tambaya, wace rana, ƙarfe nawa. Ba rashin kunya ba ne.

Sai kalmomin da ke kama da Turanci, waɗannan su ne macizan ƙaiƙayi. Ni sun sare ni. Watan Janairu ne, sanyin Madrid ya kama ni, na shigo kicin ina atishawa, hanci na zuba. Tsohuwar da nake haya a gidanta tana yanka albasa, ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau ta ce, estás constipado? Na yi tsuru-tsuru, don kunnena constipated ta Turanci ya ji, wato taurin bayan gida. Na ce a raina, ikon Allah, me ya haɗa baiwar Allahn nan da bayan gidana? Na ce mata no, no, da ƙarfi, ina sake atishawa. Ta girgiza kai ta miƙo min ruwan zafi da zuma da lemon tsami. Ashe mura take tambaya. Haka embarazada, mai juna biyu ce, ba mai jin kunya ba. A harkarku kuwa, precio actual farashin yanzu ne, current price. Compromiso alkawari ne da mutum ya ɗauka, commitment, ba sassauci ba. Éxito nasara ce, ƙofar fita salida ce. Kuma don Allah mil dubu ce, kada ido ya rufe ka rubuta miliyan.

Sannan Sifaniyancin ma ba ɗaya ba ne. Ni na Sifaniya na sani, can kowa tío yake kiran abokinsa, asalinta kawu ko baffa, amma a titi kamar ka ce mutumina ne. Akwai coger, kamawa ko ɗauka, a Madrid da ita ake hawa mota kullum, a Meziko da Ajantina kuwa batsa ce tsagwaronta. In za ka rubuta masa amsa ka yi amfani da tomar. Guagua a Kyuba motar haya ce, a Cile jariri.

Turo min sauran saƙonnin ta gefe, amma ka haɗa da wanda ya gabaci kowanne, don in ga me aka ce masa kafin ya amsa. Ga shi an kira la'asar, sai na dawo.