Amsa: Yadda ɗan sa-kai zai fara haɗa manhaja a Debian

Malam, ka tambaya ko mazaunin Maradi zai iya shiga aikin haɗa manhajojin Debian, tsarin gudanar da kwamfuta na kyauta, wato shirya su yadda za a iya girka su a cikinta. Zai iya, domin tun da Ian Murdock ya kafa ta a 1993, ƴan sa-kai ne ke riƙe da ita. Ka nemi ƙaramar manhajar da mai kula da ita ya bari, ka gyara ta, ka tace kurakuranta da Lintian (manhajar da ke binciko kurakurai a irin wannan aiki), sannan ka ɗora a Salsa, shafin intanet da masu aikin Debian ke ajiye ayyukansu. Sabon shiga ba ya tura manhajar cikin rumbun Debian da kansa, sai tsohon hannu ya duba ya tura a madadinsa, kuma yakan jinkirta amsa saboda shi ma bayan aikinsa yake yi. Ganin yadda intanet ke yankewa a nan, ka guji manyan manhajoji tukuna.