Amsar Kawu a kan damin godiya

Ishaku ɗana, saƙonka ya iso. Innarka na gaishe ka, ta ce hoton da ka turo ya nuna ka rame.

Ka tambaye ni dalilin da ya sa muke kai damin farko coci ranar godiyar kaka ko da gona ba ta yi ba, kamar 2024 da ambaliya ta cinye gonakin mutanenmu a Yagwa, nan arewacin Kamaru. Ka ce ai yaudarar kai ce mutum ya yi godiyar da ba ta kai zuci ba. Amma na karanta har ƙasa, inda ka ce tun da ka dawo daga taron farkawa a Garwa addu'a ta zame maka kamar tauna ƙaiƙayi. Ina jin a nan gizo ke saƙar.

Ban raina taron farkawa ba. Ni ma na yi kuka a irinsa, na dawo gida ina jin zan iya tubar da Marwa gaba ɗaya kafin Lahadi. Sai dai kwana uku ne, a naɗe tabarmi kowa ya kama gabansa. Duba Sarakuna na Fari, sura 18 da 19. Iliya ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel da idonsa, ba a jima ba ga shi a jeji, a gindin itace, yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai kawo masa wata wutar ba. Waina da tulun ruwa ya ajiye masa, ya ce ya tashi ya ci, tafiya da nisa.

Kai ɗan ƙasar masakwa ne, dawar nan ta rani, bai kamata in yi maka dogon bayani ba. Yaushe ake dasa ta? Sai damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba. A huda laka da sanda, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe, shi ke nan. Ko ɗigo ba za ta ƙara gani daga sama ba, ga hunturu, ga ƙasa na tsagewa, amma wajen Fabrairu a yanke ta. Danshin da laka ta ɓoye tun damina take sha a hankali. Abin da ka samo a Garwa bai ɓace ba, ya nutse ne, kai kuwa kana ta kallon sama.

A shekarar fari ta 1984 ina saurayi, abin da muka samu bai kai rabin rumbu ba. Kakanka ya auni mudu ɗaya ya ce in ɗauka. Na ɗauka ina ƙunƙuni, don ni a ganina cikinmu ya fi cocin bukata. Shi ma bai yi fara'a ba ranar, ko waƙa bai buɗe baki ya yi ba. Ya ajiye, ya koma ya zauna. Dattawa suka haɗa mudun kowa suka raba wa gwauraye mata, har da maƙwabtanmu Musulmi biyu. Ba zan ce maka Allah ya ninka mana a shekarar da ta biyo baya ba, don ita ma da ƙyar muka sha. Masu wa'azin "ba da ɗaya ka karɓi ɗari" sai su nemi wani su gaya masa.

Na kuma ga irin wannan a Minawawo, sansanin 'yan gudun hijira da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo. Mutanen Gwoza da Boko Haram ta kora, ba gona ba gida, Lahadi ta yi sun taru suna waƙa da Hausa, wasu hawaye na zuba.

Don haka kada ka jira sai ka ji daɗi kafin ka durƙusa. Asuba ta yi, karanta Zabura ɗaya, ko ta ƙorafi ce, akwai su da yawa. In baki ya ƙi, yi Addu'ar Ubangiji ka tashi ka tafi aji. Kada kuma ka daina zuwa zumuntar matasa don kunyar wai ka yi sanyi.

In an ba ku hutun Kirsimeti ka zo, ka ga masakwar da idonka kafin a yanke. Ka taho wa innarka da zumar Ngaundere.