Ruwa ya cinye min Mustang, in fanshe ta a hannun inshora ko in haƙura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga. Ni ɗan Zariya ne amma shekara tara kenan ina zaune a Houston ta jihar Texas a Amurka, kuma ba na bari filin nan naka ya wuce ni. Ina da Ford Mustang GT 'yar 2016 mai giyar hannu, wallahi shekara uku na yi ina tara kuɗinta, ba bashin kowa a kanta. To kwanakin baya aka tafka ruwa cikin dare, garejin gidan da nake haya kuma a ƙasa yake kamar rami, kafin gari ya waye ya cika, sai da motar ta yi kwana ɗaya da wuni a ciki. Ruwan ya hau kujeru har ya taɓo sandar giya amma bai kai sitiyari ba. Da ya janye na shiga na gwada tada ta sau ɗaya, ta yi ƙas ta yi shiru. Mutanen inshora sun duba sun ce ta tashi daga aiki, za su ba ni dala 23,000 su ɗauke ta, ko in riƙe abata su cire 6,000 su ba ni 17,000. Oga jikin motar nan ko ƙwarzane babu, in na kalle ta zuciyata ba ta yarda. Wani abokina ya ce in karɓe ta in turo Kano a gyara da arha, in ban so in sayar. Ya ka gani?

Daga wani mai karatu, Houston

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri, tunda dai ba ka cikinta ai da sauƙi. Ba zan ja ka da nisa ba, ni in ni ne kuɗina zan karɓa cif in bar musu mota. Amma tunda na san ba za ka ji wannan haka kawai ba bari in faɗa maka dalili.

Wannan "ƙas" ɗin da ka ce ta yi, shi ya fara tsaya min a rai. Injin mota iska yake zuƙa ya matse, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa ko kaɗan, in ya bi ta wajen shan iska ya sauka kan fistin ka zo ka tada, fistin zai taso ya tarar da bango, ƙarfin kuma sai ya huce a kan kon rod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwasa shi. Mai yiwuwa ka ci sa'a batir ne ya mutu ko sitata ce ta jiƙe ba ta samu ta juya injin ba, ana iya ganewa cikin awa ɗaya: a cire fulogai takwas ɗin nan, a juya injin da sifana a hannu a ga ko ruwa zai yi tsalle ya fito, a zaro sandar gwada bakin mai a ga ko ya koma kalar shayi mai madara, sannan a gwada matsin kowace silinda. Amma ka ji abin mamaki, ko injin ya tafi ba shi ne abin tsorona ba. Inji mai lita 5.0 na Mustang a Amurka kamar gyaɗa yake a wajen masu fasa motoci, ka san kuɗinsa tun kafin ka taɓa aljihu, a sauke wannan a ɗora wancan an gama.

Abin da ba wanda zai iya yanke maka kuɗinsa shi ne wayarin. Motar 2016 ba Fijo 504 ba ce da in ta faɗa rafi a janyo ta da igiya a shanya a zuba sabon mai ta kama hanya. Ita wannan ƙananan kwamfutoci ne birjik a cikinta kuma da yawansu a ƙasa suke, akwatin fis da kwamfutar da ke kula da fitilu da gilasai da makullai suna nan wajen ƙafar fasinja, wadda ke ba eyabag, wato jakar iskar da ke kare mutum a haɗari, umarni ya fashe tana ƙasan wajen giya, ga na'urorin da ke tsuke bel lokacin karo, ga ƙananan injinan da ke motsa kujeru, duk ruwan da ka kwatanta ya shanye su kwana da wuni. Kuma ruwan ambaliya ba ruwan famfo ba ne, laka ce da ruwan kwata, yana bin cikin robar waya ya zauna a bakin soket, ba yau zai nuna ba, sai bayan wata uku ko shida ka ga haƙoran soket sun yi kore-kore.

Na gani da idona bayan madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri. An kawo wata Marsandi garejin wani abokina a nan Kano, an wanke ta tas an canja mai, ta tashi lafiya lau har mai ita ya yi sadaka. Wata huɗu sai ga shi ya dawo, wai gilas na sauka da kansa cikin dare, hon na tashi ba wanda ya taɓa, dashbod ya kama fitilu kamar gidan biki. Da aka ɗaga kafet sai ga laka a ƙarƙashin soso har lokacin da danshinta, warin kuwa ba a magana. Mai rewaya ya gyara wannan wancan ya ɓullo, haka aka yi ta yi har mutumin ya gaji. To wannan ma motar zuwa ofis ce. Taka mai ƙarfin doki sama da 400 ce, ba don ka yi tafiyar hawainiya ka saye ta ba, ranar da ABS, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, ko eyabag zai ƙi aiki kana kan babban titi ba zai yi maka sallama ba.

Sai maganar takarda. Da zarar ka riƙe ta takardar mallakarta ta koma ta motar da aka yanke wa hukuncin lalacewa, ba ka da damar hawa titi da ita sai ka gyara an sake mata takarda, kuma tambarin ruwa ya manne wa lambar VIN ɗinta, wato lambar shaidar motar, har abada, duk mai buɗe Carfax, shafin duba tarihin mota, zai gani. Kamfanonin inshora da yawa ba sa son ba irinta cikakkiyar kariya, kuma ranar sayarwa za ka sha mamakin tayi. Ka ga kenan 17,000 ɗin za ka zuba a motar da ko ta gyaru ba za ta koma darajar 23,000 ba.

Shawarar abokinka kuwa, ya yi lissafin kuɗin hannun bakanike ya manta sauran. Kuɗin jirgi zuwa Legas ko Kwatano, kwastan, tirela zuwa Kano, sannan ka zo kasuwar Ƙofar Ruwa neman kayan Mustang, da Corolla ce ko Camry da ido rufe za a miƙo maka, wannan kuwa daga Amurkar da ka baro za ka sake odar kowace kwamfuta, a zo kuma ana neman mai na'urar da zai saita ta da motar. Batun a gyara a sayar, tun bayan guguwar Harvey ta 2017 da ta nutsar da motoci dubban ɗaruruwa a garin naku mun sha ganin irinsu sun biyo gwanjon kamfanonin Copart da IAAI na Amurka sun sauka nan an fesa musu turare. Yaran yanzu da waya suke duba VIN su ga hoton mota da layin laka a jikin ƙofa. In ka faɗa wa mai saye gaskiya ba za ka mayar da kuɗinka ba, in ka ɓoye algus ne, kuma ɗan wani ne zai hau.

Da a ce ruwan iya kafet ya tsaya na 'yan awanni, ba ka tada ta ba, kana da wata motar hawa da filin da za ka tsiraita cikinta gaba ɗaya da hannunka, da na ce gwada. Kai kuwa gidan haya kake, ko fasa ta ka ce za ka yi ka sayar da ƙofofi da giyabos da rim, mai gida ba zai bari ba.

Inda nake so ka sa ƙarfinka shi ne kan 23,000 ɗin nan, kar ka sa hannu a tayin farko. Nemo tallan GT 'yan 2016 masu giyar hannu guda huɗu ko biyar a yankinku waɗanda tafiyarsu ta yi kusa da taka, haɗa da rasit ɗin sabis da na sabbin tayoyi in akwai, ka nemi su ba ka takardar da suka yi lissafin da ita ka bi ta layi-layi, sau da yawa sukan manta wani abu da motar ke da shi. Ka tambaye su kuma harajin saye da kuɗin rajistar wadda za ka maye gurbinta da ita ko suna ciki. In an daidaita ka kwashe kayanka daga but kafin motar ja ta zo.