Tambaya da Amsa: Na tsinke ganyen da ya kamu, me ya sa cutar ta sake fitowa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Tumatir ɗina na rani ganyensa ya nannaɗe, gefensa ya yi rawaya. Na tsinke wanda ya kamu, na yi feshi, amma sabon toho ma haka ya fito. Ta ina cutar ke bi? Daga wani manomi a Kadawa, jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alamun nan sun yi kama da na bairas, wato wata ƙaramar ƙwayar cuta, mai nannaɗe ganyen tumatir, wanda farin ƙuda ke yaɗawa. Yawanci sai ya yi mako 2 zuwa 3 a jikin shuka kafin ganye ya nuna, ka ga ke nan tsinkewar ta zo a makare.

Kowace ƙwayar halittar shuka tana da bango mai tauri da bairas ba ya iya fasawa. Sai dai a jikin bangon akwai ƴan ramuka, masana na ce musu filasmodesmata, ta nan ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta sukari da sauran abinci. Ramin ya yi wa bairas kaɗan, don haka yakan tilasta wa ƙwayar ta ƙera masa wani furotin da ke buɗa ramin. Bairas mai sa ganyen taba dabbare-dabbare yakan wuce ba tare da ɓawonsa ba, zaren gadonsa, wato abin da ke cikin ɓawon mai ɗauke da tsarin halittarsa, shi kaɗai ke zurarawa. Wani na wake kuwa bututu yake ginawa a cikin ramin ya bi da jikinsa gaba ɗaya. Shuka takan toshe ramukan da sinadarin kalos, amma sau da yawa bairas ɗin ya riga ta wucewa.

Wannan tafiyar hawainiya ce. Saurin yana farawa ne idan ya faɗa jijiyoyin da ke kai sukari daga tsohon ganye zuwa toho da saiwa da ƴaƴa. Naka kuwa, farin ƙuda a cikin jijiyar yake soka bakinsa kai tsaye, shi ya sa sabon toho ya fi jin jiki.

Feshi ƙudan yake kashewa, ba ya taɓa bairas ɗin da ke ciki. Ka rufa wa shukar da ta kamu leda kafin ka tumɓuke ta, don kada ƙudan ya watse, sannan ka binne ta. Shuka ta gaba ka raini yabanya a ƙarƙashin raga mai ƙananan ido, ka nome ciyayin gefen gona, kuma ka nemi iri mai jure cutar.