Wasiƙar Ƙarshen Shekara: Amsar Gwaggo ga 'Yarta

'Yata, saƙonki ya iso, na gode ƙwarai. Kin ce tun kamawar Disamba maƙwabtanku da abokan aikin maigidanki a can Amurka suke ta aiko muku da katin gaisuwa, a cikin wasu an ninke takarda ɗauke da labarin gidansu na shekara: wannan yaro ya shiga aji kaza, uban ya sauya wurin aiki, uwar ta fara koyon saƙa. Kina tambaya ko wace irin al'ada ce, ko dole ne ki mayar da irinta, kuma in za ki rubuta yaya ake yi.

Al'adar a jikin katin Kirsimeti ta tsiro. A 1840 aka sauƙaƙa kuɗin aika wasiƙa a Ingila ya koma kwabo ɗaya na kuɗinsu, talaka ma ya samu damar zuwa gidan waya. A 1843 wani mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa kati kusan 1,000 a Landan, wanda ake lissafawa a matsayin katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa. Mutane suka saba rubuta 'yan layuka a ciki. Da injin kwafi ya yawaita, musamman bayan fitowar Xerox 914 a 1959, sai ya zama an rubuta wasiƙa ɗaya a buga ta da yawa a rarraba. Ba ibada ba ce, zumunci ne na mutanen da aiki ya warwatsa su a garuruwa masu nisa, shi ya sa wasu sai a Janairu suke aikawa da sunan gaisuwar sabuwar shekara. Babu wanda yake binki bashinta. In kin mayar da ɗan gajeren saƙon godiya ya wadatar, amma ki ambaci abu ɗaya daga cikin abin da suka rubuta, kamar ki ce kin yi murna da jin ɗansu ya fara iyo, don su san an karanta.

In kuwa za ki yi taku, to aikin ba a Disamba yake farawa ba. Wanda ya zauna rubutu da abin da ya rage a kansa kawai, abin watanni biyun ƙarshe zai tuna, sai manyan abubuwa irin haihuwa da ƙaura. Ƙananan abubuwan da suke sa wasiƙa daɗi duk sun tsere. Ki ware ɗan littafi, kowane ƙarshen wata ki rubuta layi biyu ko uku. Na bana da ya riga ya wuce, ki bi hotunan wayarki wata-wata daga Janairu, za su tuna miki da yawa.

Batun yara shi ne zuciyar wasiƙar, kuma nan aka fi yin kuskure. Kada ki rubuta cewa yarinya tana da hazaƙa ko yaro ya fi kowa a ajinsu. Yabon kai jahilci ne, ko da ta bakin 'ya'ya aka biyo da shi, kuma mai karatu bai ƙaru da komai ba. Ki faɗi abin da ya faru: bana ta iya ɗaure igiyar takalminta da kanta, haƙoransa biyu na gaba sun fita yana ta nuna wa kowa giɓin, ƙaramar ta daina tsoron kare. Wanda ya karanta wannan zai ga yaron a idonsa. In kina son sa tsawonsu, ki riƙa aunawa a rana ɗaya kowace shekara, a jikin bango ɗaya, ba takalmi, ki ɗora littafi a kwance bisa kai ki ja layi. Ki yi da safe, domin mutum yakan ragu da kusan santimita ɗaya zuwa yamma. Yaro tsakanin shekara 4 da balaga yakan ƙaru da santimita 5 zuwa 6 a shekara, saboda haka awon da aka yi sakaka zai iya cinye kaso mai yawa na abin da kike son nunawa.

Ki ba kowane yaro layuka daidai da na ɗan'uwansa. Yara suna ƙirgawa, in ba yau ba to ranar da suka girma suka ɗauko takardar. Wanda bai ci wata gasa ba bana yana da nasa labarin, ki neme shi. Kada ki haɗa biyu a jimla ɗaya ta gwaji, irin wannan ya fi wancan natsuwa. Duk wanda ya iya karatu ki nuna masa sakin layinsa kafin a buga, in ya ce a cire abu a cire, ko da ke kina ganin ba komai. Fitsarin kwance, faɗuwa a jarrabawa, magungunan da yaro yake sha, wadda saurayin gidan yake so, duk waɗannan sirrinsu ne da aka ba ki amana. Wannan nake so ki fi riƙewa a cikin duk abin da na faɗa.

Aiki jimla biyu ta ishe shi. Ki faɗi abin da mutum yake yi da kalmomin da kaka za ta gane. Ban da albashi, ban da kukan shugaban wurin aiki, domin takarda tana da ƙafa, ba ki san hannun da za ta faɗa ba.

Abubuwan sha'awa kuwa ki sake musu wuri. Mutane suna raina su, alhali su ne suke jawo amsa. In kin ce kin shuka tumatir ya ƙi yi, kin gano inuwa ce ta yi masa yawa, wata za ta rubuto miki yadda ta yi da nata. In maigida ya fara gudun safe, ki faɗi kilomita nawa ya fara da shi da inda ya kai yanzu. Abin da bai yi kyau ba ya fi abin da ya yi kyau jawo hira.

Ki tuna da masu karantawa. A cikinsu akwai wadda take neman haihuwa shekara da shekaru, da wanda aka sallama daga aiki, da wadda ta yi rashi. Ba a ce ki ɓoye alherin da Allah ya yi muku ba, ki faɗe shi sau ɗaya a taƙaice ki wuce. Haka kuma kada ki share baƙin ciki kamar bai faru ba. In an yi rasuwa ko doguwar jinya, layi biyu na gaskiya sun isa, da sharaɗi biyu: makusanta sun riga sun ji daga bakinki ta waya, kuma mai ciwon ya yarda a faɗa. Babu abin da yake ɓata zumunci kamar ɗan'uwa ya fara jin babban labari a takardar da aka buga wa mutum 50.

Tsawonta shafi ɗaya, kalmomi 400 zuwa 500, girman rubutu 12, ko 14 in akwai tsofaffi a jerin. Ki zaɓi baki ɗaya ki tsaya a kansa, ko "ni" ko "mu". Rubuta kanki da suna kamar wata ce take ba da labarinki yana rikitar da mai karatu. Hoto ɗaya zuwa uku. Na inci 4 da 6 yana buƙatar ɗigon hoto, wato pixel, 1,200 da 1,800 kafin ya fito tsaf, don haka ki ɗauko na asali daga wayar da ta ɗauka, domin wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, a takarda sai ya fito dishi-dishi. Ki duba kada bajen makaranta ko lambar gida su fito a hoto, kuma kada ki rubuta cikakkiyar ranar haihuwar yaro ko ranakun da za ku yi tafiya ku bar gida.

A can kan sarki ɗaya yana ɗaukar wasiƙa har giram 28, falle ɗaya kuma kusan giram 5 ne, saboda haka kati da takarda da hoto ɗaya yawanci suna shiga. Ambulan wanda tsawonsa da faɗinsa suke daidai wa daida ana cajinsa ƙari, domin injin tantance wasiƙu ba ya iya binsa. Na ƙasashen waje kan sarkinsu daban ne, kuma su za ki fara turawa, tun ƙarshen Nuwamba. In ta imel ne, ki mayar da ita PDF, ki sa adireshin mutane a gurbin ɓoye da ake kira BCC don kada kowa ya ga na kowa. Kada ki manna ta a Facebook, domin an rubuta ta ne ga mutanen da kika zaɓa.

In kin gama rubutu ki bar ta ta kwana biyu, sannan ki karanta da ƙarfi. Duk inda harshenki ya sarƙe, nan ne gyara yake. Maigida ya duba sunaye da shekarun yara. Ki bi jerin adireshi ki gyara na waɗanda suka tashi, ki cire sunan wanda ya rasu daga bayan ambulan, don kada ki fama wa iyalinsa ciwo. A ƙasan kowace ki ƙara layi ɗaya da hannunki wanda na mutumin ne shi kaɗai. Ki rubuta shekarar a saman takardar, domin ita aka fi mantawa, bayan shekara 10 kuma ba wanda zai iya cewa ta yaushe ce. Ki ajiye kwafi ɗaya a fayil, nesa da laima da hasken rana, ki kuma turo mini nawa.

Ki gaishe mini da maigida da yara. Allah ya raya mana su, ya yi muku albarka.

Gwaggonki