Wi-Fi Ba Ya Kaiwa Ɗakin Ƙurya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Malam, na sauke wata manhaja da aka ce tana ƙara ƙarfin Wi-Fi a waya, amma ban ga wani canji ba. Wacce ce ta gaskiya a cikinsu?

Amsa: Babu ko ɗaya. Ƙarfin sigina yana hannun eriya, da nisa, da bangon da ke tsakaninka da rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi a gida, kuma manhaja ba ta rushe bango. Goge ta, ɗan'uwa, kafin tallace-tallacenta su cinye maka batir da data.

Tambaya: Rautarmu tana falo, cikin durowar da ke ƙarƙashin talabijin, don ba na son ganin kebul a fili. Ɗakina yana can ƙarshen gida, sandar sigina ɗaya nake samu, wani lokaci ma babu. Na sayi rifita, na'urar da ke karɓar siginar rauta ta sake watsa ta, na jona ta a cikin ɗakin, kusa da gado. Yanzu sanduna sun cika, amma bidiyo bai daina tsayawa ba. Jabu aka sayar min?

Amsa: Hajiya, ba jabu aka sayar miki ba. Kin kulle rauta a durowa, kin rufe ta da talabijin, sannan kina mamakin muryarta ba ta kai ɗakin ƙurya ba. Irin wannan wasiƙa ta fi kowace yawan zuwa min, kuma duk lokacin da na karanta sai raina ya ɓaci, domin kuɗi ne ake kashewa a kan matsalar da gyaranta na farko kyauta ne.

Mu fara da rautar. Siginar rediyo take watsawa ta kowane ɓangare, gabas da yamma, kudu da arewa. Idan kika ajiye ta a kusurwar gida, rabin abin da take fitarwa waje yake tafiya, maƙwabta da masu wucewa ke gani a wayoyinsu, ke kuma mai biyan kuɗin kina fama da sanda ɗaya. Fito da ita. Ki nemi wuri mafi kusa da tsakiyar gida, a fili, a sama, kamar kan kantar ajiye kaya ko a maƙale a bango. Idan tana da eriya a waje, ki tsayar da su a miƙe, domin eriya a tsaye gefe da gefe take baza sigina, sama da ƙasa kaɗan take kaiwa.

Sannan ki tsaya a wurin rautar ki kalli inda ɗakinki yake, ki ƙirga abin da ke kan hanya. Ƙofar katako ba ta cin sigina sosai. Bangon kankare mai rodi a ciki yana ci ƙwarai. Ƙarfe ya fi kowa: firji, ƙofar ƙarfe, bayan talabijin, har da babban madubi, saboda abin da ke sa ki ga fuskarki a cikinsa shafen ƙarfe ne a bayan gilashin. Ruwa ma yana shanye sigina, don haka tankin ruwa ko akwatin kifi na ado ba abokan zaman rauta ba ne. Na'urar maikirowef kuwa tana aiki a 2.45 GHz, wato a tsakiyar zangon rediyo na 2.4 GHz da Wi-Fi ke amfani da shi, shi ya sa wasu ke ganin intanet ya rikice da zarar an kunna ta.

Yanzu rifita. Rifita ɗan aike ce kawai: abin da kunnenta bai ji da kyau ba, bakinta ba zai faɗa da kyau ba, komai ɗaga murya. Kin kai ta ɗakin da sigina ta riga ta mutu, tana tsintar ragowar da wayarki ma ta kasa amfani da shi, tana maimaita miki shi da ƙarfi. Sandunan da kike gani sun cika, ƙarfin haɗin wayarki da rifitar kawai suke nunawa. Ba su san komai ba game da abin da ke tsakanin rifita da rauta, kuma a can cutar take. Wurin rifita shi ne tsakiyar hanya, inda siginar rauta ke da sauran ƙarfinta, galibi a baranda ko korido.

Kada ki yi wannan da ka. Ki sauke manhajar auna Wi-Fi, irin wadda ke nuna lamba da dBm, wato ma'aunin ƙarfin sigina, ki zaga gidan da ita. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -50 sigina ce mai ƙarfi, wajen -67 har yanzu ana kallon bidiyo da kiran murya lafiya, -80 kuwa kusan babu. Duk ragin 3 a wannan ma'auni, rabin ƙarfin ne ya tafi. Ki jona rifitar a inda kika ga lambar ba ta wuce -65 ba.

Ko kin yi duk wannan, ki sani cewa rifita mai rediyo ɗaya ba ta iya sauraro da magana a lokaci guda. Sai ta karɓa, sannan ta aika, a tasha ɗaya, don haka kusan rabin gudun yana zubewa a hanya. Kuma kada wani ya ruɗe ki da rauta mai eriya takwas wadda wai tana huda kowane bango. Magana ce ta ɓangare biyu. Ko rauta ta yi ihu wayarki ta ji, dole wayar ta mayar da amsa da 'yar ƙaramar eriyarta, kuma bangon nan yana nan bai matsa ba.

Abin da nake so ki yi, wanda nake gaya wa kowa har an gaji da ji: ki ja kebul. Kebul na Cat5e ko Cat6 yana ɗaukar gigabit 1 har tsawon mita 100, bango bai dame shi ba, maikirowef bai dame shi ba. A ja shi daga rauta zuwa kusa da ɗakinki, a jona masa na'ura ta biyu mai watsa Wi-Fi, magana ta ƙare. Na san ba kya son ganin kebul. Akwai siririn bututun roba da ake bi da shi ta gindin bango, idan aka yi masa fenti ko baƙo ba zai lura ba. Idan gidan haya ne kuma an hana huda bango, sai ki koma ga mesh, wato na'urori biyu ko uku da aka ƙera su yi aiki tare da suna ɗaya, waya tana sauka daga wannan ta hau wancan ba tare da kin taɓa komai ba. Su ma dokar tana kansu: kowace sai ta ji 'yar'uwarta da kyau. Kuma su ma, idan aka haɗa su da kebul, sun fi gudu.

Tambaya: Rautata tana nuna sunaye biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa. Ina zaɓar na 5G don shi ne sabo, amma a saman bene yana yankewa.

Amsa: Alhaji, wannan 5G ɗin ba irin na kamfanonin layin waya ba ne, 5 GHz ake nufi. Ya fi gudu kuma cunkoso ya yi masa kaɗan, amma ba ya nisa, kuma kankaren da ke tsakanin ƙasa da bene yana gama da shi. A kusa da rauta ka hau 5 GHz, a bene ka hau 2.4 GHz. Idan gidaje sun yi yawa a kewayenka, shiga saitin rauta ka sa tashar 2.4 a kan 1, ko 6, ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna. Na 6 GHz da ya zo da Wi-Fi 6E ya fi na 5 ɗin ma gajeren zango, kada ka saye shi don bene.

Tambaya: Ina da tsohuwar rauta a ajiye. Za ta yi wani amfani?

Amsa: Sosai, kuma ka fi mai rifita sa'a. Idan tana da zaɓin AP a saitinta, wanda ke mayar da ita mai watsa Wi-Fi kawai, kunna shi. Idan babu, kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka ba ta adireshin da bai yi karo da na babbar ba, ka ja kebul daga ramin LAN (ramin jona kwamfuta a bayan rauta) na wannan zuwa ramin LAN na waccan. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, tasha daban. Amma duba tsaronta tukuna: idan ba ta da tsarin kulle Wi-Fi na WPA2, wanda ya fito tun 2004, mayar da ita inda ka ɗauko ta.

Tambaya: Na ji ana iya tura intanet ta wayoyin lantarkin gida. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne. Na'urori biyu ne, ɗaya kusa da rauta, ɗaya a ɗakin da ake buƙata. A jikin soket na bango ake jona su kai tsaye, ban da ekstenshan, musamman mai kariya daga hawan wuta, domin yana tace siginar ya zubar. Gudunsu ya dogara da lafiyar wayarin ɗin gidan, don haka ka sayo daga inda za a karɓa idan bai yi ba.

Tambaya: Rautata mai sim ce. Na bi shawarar kai ta tsakiyar gida, Wi-Fi ya cika ko'ina, amma intanet ya koma tafiyar hawainiya.

Amsa: Malama, shawarar ba da irin rautarki take ba. Taki tana da aiki biyu: ta jawo sabis daga turken kamfanin waya, sannan ta raba a gida. Kin gyara na biyu kin kashe na farko. Mayar da ita bakin tagar da sabis ya fi ƙarfi, ki gwada taga biyu ko uku kina auna gudu a kowace, sannan ki ja kebul daga nan zuwa na'ura ta biyu a tsakiyar gida.